Akawun Babur: Abin da Masu Tseren Duniya Za Su Koya Mana

(Laccar da wani ɗalibi ya gabatar a gaban 'yan'uwansa ɗalibai da matasan ma'aikata na ƙasashen Boɗinga da Shagari)



An nemi in yi magana a kan na'urar da masu tseren babura suke ɗaura wa baburansu domin ta riƙa rubuta duk abin da ya gudana a lokacin gudu: yadda ake zaɓenta, da yadda ake ɗaura ta, da kuma amfanin da ake ci da ita. Na sani wani zai ce, ina ruwan mutumin Boɗinga ko na Shagari da filin tseren Turai? Amsa ita ce, babu wata na'ura da ta shiga rayuwarmu kamar babur. Shi ke kai malamin makaranta ƙauye, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke ɗauko buhun gero da albasa zuwa kasuwa, da shi kuma dubban 'yan kabu-kabu suke ciyar da iyalinsu. Amma duk da wannan kusanci, kaɗan ne daga cikinmu za su iya faɗin kilomita nawa baburinsu yake yi da lita ɗaya ta fetur. Muna hawa ne da zato. Masu tsere kuwa da awo suke hawa. Wannan bambanci shi ne gundarin maganata.

Mene ne wannan na'ura?

Domin sauƙin fahimta, ni na laƙaba mata suna akawun babur. Aikin akawu, kamar yadda yayyenmu ma'aikata suka fi ni sani, shi ne ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, da kwanan wata, ba ƙari ba ragi. Ba ya ba da umurni, ba ya yanke hukunci. To, haka wannan na'ura take. 'Yar akwati ce da ba ta wuce tafin hannu ba, an haɗa ta da ƙananan ma'aunai a sassan babur. Wani ma'aunin yana lura da juyawar taya, wani da juyawar inji, wani da yawan murɗa totur, wani da ƙarfin matsa birki, wani da nutsewar shokozoba, wani da zafin inji, wani kuma da yadda babur ya karkata a kan kwana. Ita kuwa akwatin tana tambayar kowannensu sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, tana adana amsar. In an tsaya sai a juye bayanan a kwamfuta, a baje su a zane, a karanta.

Gasar tseren babura ta duniya, wadda yanzu babban rukuninta ake kira MotoGP, an fara ta ne a 1949. A wancan zamani bakanike ba shi da madogara sai agogon hannu da kuma bakin mahayi. In mahayi ya ce gaba na rawa, sai a gyara gaba. In ya yi kuskuren ji, an yi gyaran banza ke nan. Yau kuwa gudun ya wuce abin da jikin ɗan'adam zai iya kiyayewa. A 2023, a filin Mugello na ƙasar Italiya, Brad Binder, mutumin Afirka ta Kudu, ya kai gudun kilomita 366.1 a awa a kan babur ƙirar KTM. Ku lissafa da kanku: wannan ya ɗara mita 100 a daƙiƙa ɗaya, watau kusan tsawon filin ƙwallo kafin ka ƙifta ido sau biyu. Mutumin da ke irin wannan gudu ba zai iya tuna a daidai ina ya taɓa birki ba. Akawu ne kaɗai zai iya.

Akwai abubuwa biyu a dokokin wannan gasa da suka cancanci lura. Na farko, tun daga 2016 dukkan baburan MotoGP ƙwaƙwalwar inji iri ɗaya suke amfani da ita, da manhaja iri ɗaya, na kamfanin Magneti Marelli na Italiya. Ashe ke nan fifiko ba a mallakar na'ura yake ba, yana wajen wanda ya fi iya karanta abin da ta rubuta. Na biyu, an hana a aika wa injiniyoyi bayanan babur yana cikin gudu. Sai ya dawo rumfa a sa masa waya a kwashe. Watau ko a can, aikin na zama ne da nazari bayan an sauka. Kamfanin Ducati, wanda yake da babura takwas a gasar 2023, mahayansa sukan duba bayanan junansu, kowa ya ga inda ɗan'uwansa ya fi shi. Abin da suke tsere a kai da rana, a kan tebur suke cin rabinsa da yamma.

Yadda ake zaɓe

Kuskuren da mai sabon shiga yakan yi shi ne ya fara da tambayar wace na'ura ce ta fi tsada. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce ka fara da tambayar da kake son amsarta, sa'an nan ka nemi na'urar da za ta amsa ta. Tambayoyin kuwa hawa uku ne.

Hawa na farko shi ne: ina nake, da wane gudu, kuma a ina nake ɓata lokaci? Wannan ba ya bukatar a taɓa injin ko kaɗan. Ana samun amsarsa daga taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda Amurka ta kammala jerinsu a 1995, suna yawo a sama a nisan kimanin kilomita 20,200. Tun daga watan Mayu na 2000 aka daina rage wa farar hula ingancin saƙonsu. Kowace wayar zamani tana jin wannan saƙo, kuma ya kamata a sani cewa jin sa ba ya bukatar kati ko sabis, domin wayar saurare kawai take yi. Ko a cikin dajin da babu layin waya, za ta rubuta hanyarka.

Sai dai a nan ne maganar yawan awo take shigowa, kuma ita ce mafi muhimmanci a wajen zaɓe. Yawancin wayoyi sau ɗaya suke ɗaukar matsayi a daƙiƙa. Babur mai gudun kilomita 100 a awa yana shafe kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan tsakanin awo da awo akwai mita 28 da akawu bai gani ba, alhali kuwa a filin tsere taƙaddamar a kan mita biyar ko goma take. Domin haka masu tsere suke sayen na'urar da ke awo sau 10 ko sau 25 a daƙiƙa, irin su Solo 2 ta kamfanin AiM na Italiya, ko kuma su haɗa wayarsu da wata 'yar na'urar GPS ta daban ta hanyar Bluetooth, su yi amfani da manhaja irin RaceChrono. Mai awo sau 10 ba ya rasa fiye da mita uku a wancan gudu. Amma wanda yake so ya san nisan da ke tsakanin gidansa da wurin aikinsa, da mintocin da yake ci, awo ɗaya a daƙiƙa ya ishe shi har ya yi yawa.

Hawa na biyu shi ne: me hannuna da ƙafata suke yi? A nan ake bukatar sanin totur da birki da giya da juyawar inji. Manyan baburan zamani suna da ƙwaƙwalwa da ta riga ta san mafi yawan waɗannan, sai dai a jona mata waya a ɗebo. To, a nan sai mu yi hattara. Baburan da suka cika hanyoyinmu, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, galibinsu masu kafireto ne, ba su da ƙwaƙwalwar da za a ɗebo bayani daga gare ta. Wanda ya sayo na'ura mai tsada domin ya jona wa irin wannan babur, ya sayi linzami ne babu doki. Abin da zai yiwu shi ne ɗan ma'aunin juyawar inji da ake naɗe wayarsa a jikin wayar fulogi, da ma'aunin zafi da ake sa wa a gindin fulogin, tun da yake iska ce ke sanyaya waɗannan injuna, ba ruwa ba.

Hawa na uku shi ne: me babur ɗin kansa yake yi? Wannan shi ne fagen ma'aunin shokozoba, da na karkata, da na juyawar tayoyi biyu. In tayar baya ta fi ta gaba saurin juyawa, alama ce tana sulɓi. Shokozoba kuwa motsinta na da sauri ƙwarai, saboda haka akan auna ta sau ɗari ko fiye a daƙiƙa, alhali zafin inji, da yake a hankali yake sauyawa, awo ɗaya a daƙiƙa ya wadatar. Wannan hawa na ƙwararru ne masu injiniya a bayansu. Wanda bai iya karanta hawa na farko ba, in ya tsallaka zuwa na uku, ya tara takardun da za su rikita shi ne kawai.

Bari in ƙara da jan hankali guda. Akwai na'urar da ake sayarwa domin gano babur in an sace shi, wadda ake sa wa layin waya. Tana da nata amfani, amma aikinta daban. Ita tana faɗin inda babur yake ne jefi-jefi. Ba a yi ta domin nazarin tuƙi ba. Kada mai sayarwa ya ba ka wannan a madadin waccan.

Yadda ake ɗaurawa

Na'ura mai kyau da aka ɗaura ba daidai ba ta fi rashin na'ura haɗari, domin ƙarya za ta rubuta, kai kuwa ka gaskata. Ga ƙa'idojin da ba a tsallake su.

Da farko, ta zauna daram. In tana girgiza a mazauninta, rawar kanta za ta rubuta a matsayin rawar babur. Mai amfani da waya ya ƙara kula, domin a 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi cewa girgizar injin babur tana iya lalata kyamarar wayoyinsa. A sa roba tsakanin waya da ƙarfe, ko kuwa a yi amfani da tsohuwar waya.

Na biyu, ta ga sama. Saƙon tauraro ba ya ratsa ƙarfe, kuma jikin mutum yana tare shi. Kada a cusa ta ƙarƙashin tanki. A kunna ta a fili, a ba ta 'yan mintoci ta kama taurari kafin a tashi.

Na uku, wuta. A ɗauko ta daga wayar da ke samun wuta sai an murɗa makulli, a sa fis a tsakani, domin kada ta shanye batir da dare ko ta jawo gobara. A nisanta wayoyinta da salansa saboda zafi, a kuma nisanta su da wayar fulogi, domin tartsatsin wutar fulogi yana shiga ƙananan wayoyi ya gurɓata awo.

Na huɗu, a daidaita ma'aunai kafin a fara. Ma'aunin karkata dole a nuna masa miƙe tun babur yana tsaye a kan daidaitacciyar ƙasa. In ba haka ba duk abin da zai faɗa a karkace yake. Ma'aunin totur a nuna masa rufe da buɗe. A filin tsere kuma a nuna wa na'ura layin farawa, domin daga nan take ƙidaya zagaye.

Na biyar ya shafe mu fiye da Turawa, watau yanayi. Waɗanda suka ƙera waɗannan kaya ba su san bazarar Sakkwato ba, inda zafi yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Wayoyi da yawa an tsara su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, in ya wuce sai su dushe ko su kashe kansu. Waya a kan babur da tsakar rana ba za ta daɗe ba. A yi gwaji da sassafe, a yi mata inuwa, a kuma toshe kofofinta daga ƙurar hunturu.

Yadda ake karantawa

Masu tsere ba sa zana gudu a kan lokaci, a kan nisa suke zana shi. Dalili kuwa shi ne kwana ba ta tashi daga inda take. In ka ɗora zagaye biyu ɗaya a kan ɗaya, sai ka ga a mita kaza wannan ya taɓa birki, wancan kuwa sai da ya ƙara mita goma. Abin mamaki da zanen yakan nuna shi ne, wanda ya fi jinkirta birki ba lalle ne ya fi sauri ba. Sau da yawa yakan shiga kwana a rikice, ya makara wajen buɗe totur, a wuce shi a miƙaƙƙiyar hanya. Wanda ya rage gudu da wuri, ya bi kwana a natse, ya fita da ƙarfi, shi ke cin lokaci. Hausawa sun riga sun faɗa, sauri ya haifi nawa. Na'ura ta zo ta sa hannu ne kawai.

Ƙa'ida ta biyu ita ce, abu ɗaya ake sauyawa a lokaci ɗaya. In ka ƙara iskar taya, ka sauya fulogi, ka ɗaure sarƙa duk a rana ɗaya, babur ya gyaru, ba za ka san wanne ne ya yi aikin ba. Ta uku kuma, kowane awo ya tafi da littafi: kwanan wata, lokaci, yanayin gari, iskar taya, nauyin kaya. Babu ƙungiyar tsere da ta yar da alƙalami domin ta sayi kwamfuta.

Ina amfaninsa gare mu?

Yanzu sai mu dawo gida, mu hau babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega. Abu biyu ne suke cin mai babur a kanta: kuɗin mai da haɗari. Dukansu awo yana da abin cewa a kansu.

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin fetur, kuɗin lita ya ninka har sau da yawa, kowa kuma ya ji a jikinsa. To, ga awon da ba ya bukatar komai sai waya da littafin kwabo. Cika tanki har baki, ka rubuta. Ka bar waya ta ƙidaya nisan tafiyarka, domin malejin yawancin baburanmu ya daɗe da mutuwa. Ran da za ka sake shan mai, ka sake cikawa har baki, ka raba kilomita da lita. A matsayin misali, a ce ka yi kilomita 200 da lita 5, watau 40 ke nan a kowace lita. Bayan wata biyu ka ga ta sauko 32. Ga mai yin kilomita 100 a rana, wannan bambanci ya kai kusan lita 19 a wata. Ba za ka ji shi a hannu ba, amma aljihu zai ji. Sa'an nan sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya: matatar iska ta toshe da ƙura ne, ko taya ba iska, ko birki na kamawa, ko kafireto na zubar da mai? Ka je wurin bakanike da lissafi a hannu, ba da "ina jin kamar" ba.

Game da haɗari kuwa, lissafin ya fi ban tsoro. Mai gudun kilomita 80 a awa yana shafe mita 22 a daƙiƙa guda, tun kafin hannunsa ya kai ga birki. Kuma nisan da birki yake bukata ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninkawa huɗu yake yi. Mai tsere ya san wannan da mita, kuma yana yin gudunsa ne a filin da aka killace, kowa ya fuskanci gefe guda, ga hular kwano, ga rigar fata, ga likita a tsaye. Mu kuwa hanyarmu akwai tirela, akwai amalanken shanu, akwai akuya, akwai yaro mai tsallakawa ran kasuwa. Samarinmu da suke wasa da babura a wajen rakiyar amarya, suna ɗaga tayar gaba a tsakiyar jama'a, sun ɗauki rabin sana'ar ne, kuma rabin da ya fi arha. Sun ɗauki gudu sun bar awo. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988, an kuma fara tilasta sa hular kwano a farkon 2009, amma doka ba ta shiga kan mutum kamar yadda lissafin da ya yi da hannunsa yake shiga. Duk wanda ya duba zanen tafiyarsa ya ga cewa tsala gudun da ya yi bai rage masa fiye da 'yan mintoci ba, zai tambayi kansa ko 'yan mintocin nan sun kai kuɗin ƙafarsa.

Ina kuma roƙo, kada wani ya fita daga wannan zaure ya ce an ba shi izinin gwada ƙarshen gudun baburinsa a kan kwalta. Hanyar jama'a ba filin tsere ba ce. A kuma kunna na'ura kafin a tashi, a manta da ita sai an sauka. Kallon allo a kan tafiya shi kansa haɗari ne.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, musamman na sashen kimiyya da injiniya, ga aiki a gabanmu. Ma'aunin girgiza da ke cikin kowace waya yana iya nuna inda hanya ta yi rami. Da a ce mutum goma daga cikinmu za su auna hanyoyin ƙauyukansu a hutu ɗaya, su kai wa ƙaramar hukuma taswira mai nuna wuri da nisa, da kokenmu ya fi nauyi a kan tebur. Yayyenmu ma'aikata kuma, waɗanda baburan ofis suke hannunsu, na malaman gona da na ma'aikatan lafiya, littafin tafiya da ake cika shi da gaskiya yana kare dukiyar jama'a, yana kuma kare mutuncin mai riƙe da shi ran da aka zo bincike.

Ƙasar nan tamu ba baƙuwar alƙalami ba ce. Sifawa da Boɗinga an san su da malamai da rubuce-rubuce fiye da shekara 200 da suka wuce. Abin da ya rage shi ne mu kai alƙalamin nan garejin bakanike da tashar kabu-kabu. Kowa ya fara da abin da yake da shi: tsohuwar waya, littafi, da tambaya guda ɗaya da yake son amsarta. In tambayar ta fi ƙarfin waya, sa'an nan a yi maganar sayen na'ura.

 In akwai tambaya ko gyara, ina maraba. Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.